Wanda Jarinsa Ya Karye, Ya Dace Ya Ci Bashin Mota?

'Yar uwa mai karatu, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da ɗaya daga cikin ɗalibaina na ajin matan aure ta yi mini bayan an tashi daga Islamiyya a nan Soron Ɗinki. Sai da ta bari kowa ya watse sannan ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta ce: “Malama, maigida ne yake so in sayar da sarƙar gwal ɗina ya ba da kafin alƙalami, za a ba shi mota bashi. Ga shi kuwa har yau mutane na bin sa kuɗi. In ba shi ko in hana?”

Mijin nata ɗan Kantin Kwari ne. Ambaliyar da ta shiga kasuwar a daminar 2022 ta lalata masa kaya, kuma galibinsu na mutane ne da ya karɓa a kan sai ya sayar ya biya. Shago ya tafi, mota ta tafi, saura bashi. Na san ba ita kaɗai ba ce. Tun gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 zuwa tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, gidaje nawa ne a cikin birni da aka wayi gari mai riƙe da su ya koma abin a riƙe?

Abu na farko da ya kamata ki sani, karayar arziki ba zunubi ba ce, kuma shari'a ba ta ɗauki mai ita abin wulaƙantawa ba. Littattafan fiƙihunmu na Malikiyya, irin su Mukhtasar na Shehu Halilu, sun yi bayani mai faɗi a kan muflisi, wato wanda bashi ya rinjayi dukiyarsa. Alƙali yakan hana shi taɓa abin da ya rage, a sayar a raba wa masu bin sa, kowa gwargwadon kuɗinsa, amma a bar masa abin ci da suturar da shi da iyalinsa. An ruwaito cewa an yi wa Sahabi Mu'azu ɗan Jabal (R.A) irin wannan a zamanin Annabi (S.A.W), kuma hakan bai rage masa daraja ba. A aya ta 280 ta Suratul Baƙara Allah (S.W.T) Ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, sannan a aya ta 60 ta Suratut Tauba Ya sanya waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka.

To amma fa akwai inda muka bambanta da Turawa. A Amurka da Ingila kotu tana iya yanke wa mutum hukuncin karayar arziki, bayan wani lokaci a shafe mafi yawan bashin da ke kansa, ya fito fes, abin da ya rage masa kawai neman wanda zai sake yarda da shi. Mu a wurinmu bashi ba ya goguwa sai an biya ko an yafe. Kin dai san hadisin da ke cikin Buhari, inda Annabi (S.A.W) ya dakata da yi wa wata gawa salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada (R.A) ya ɗauki nauyin biya. Saboda haka mutumin da ya karye, duk naira ɗaya da ta shigo hannunsa bayan ci da sha da sutura, akwai masu haƙƙi a cikinta.

Daga nan za ki gane cewa tambayar da ta kamata a yi ita ce: motar nan ta wace ce? Domin mota iri biyu ce ga wanda ya karye.

Akwai motar neman abinci: A Daidaita Sahu, ko tasi, ko 'yar ƙurƙurar ɗaukar kaya daga Singa zuwa Dawanau. Wannan matsayinta ɗaya da keken ɗinki a wurin tela. Malamanmu ma sun yi saɓani kan ko za a sayar da kayan sana'ar muflisi, don sun san idan aka raba mutum da abin neman abincinsa an raba masu bin sa da kuɗinsu. Idan maigida zai hau da kansa, ya cire girman kai, ya fitar da balas, ya ciyar da gida, ya riƙa rage tsohon bashi ko da kaɗan-kaɗan ne, to wannan bashi ne na tashi. Ya kuma inganta daga Annabi (S.A.W) cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai taimake shi ya biya.

Akwai kuma motar rufe kunya, wadda ake so don kada a ce Alhaji ya koma hawan ɗan sahu. Wannan ba ta kawo ko sisi, sai ci: mai, gyara, takardu, ga biyan wata-wata. Kuma ki dubi unguwanninmu. Yawancin lungunanmu mota ba ta shiga, sai a ajiye ta a bakin titi, inda kowa zai gani. Cikin masu gani akwai dattijon da ya ba shi kaya, wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Akwai bazawarar da ta ba shi kuɗin gadon marayunta ya juya mata. Me kike tsammani zai zo a ransu? Haƙurin da aya ta umarce su da shi don mai ƙunci ne. Wanda yake da halin biya ya yi ta jan ƙafa, hadisi ya kira abin da ya yi zalunci.

Na san za ki ce, ai kasuwa da ido take, in ba a gan shi da mota ba babu mai sake ba shi kaya. Ni ma na ji maza na faɗin haka, kuma ba na musun cewa akwai gaskiya a ciki. Amma ki tsaya ki duba ma'anar maganar: ana so mai kaya ya zaci akwai, alhali babu, don ya saki dukiyarsa. Wannan ai ruɗi ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Yardar da ke ɗorewa ita ce wadda mutum ya samu don an ga ya faɗi, bai gudu ba, bai ɓoye ba, yana biya.

Sai batun inda za a karɓo. Bashin da ke da kuɗin ruwa riba ne, babu kwana-kwana. Alhamdu lillahi, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, an sami hanyar murabaha: banki ya sayi motar ta zama tasa, ya sayar maka a kan farashi sananne, ka biya sannu a hankali. Sai dai halaccin ciniki bai sauke haƙƙin mutanen farko ba. Sannan ki sani, tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin da ke ba banki damar cire kuɗinsa daga sauran asusun wanda ya kasa biya, ta hanyar lambar BVN. Masu ba da ɗan sahu a biya a hankali kuwa, da yawansu in aka yi fashin biya sai su ƙwace abinsu. Don haka kada maigida ya sa hannu, kada ke ma ki tsaya masa, sai an karanta muku takarda kun gane me zai faru idan an kasa. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

Gwal ɗinki kuwa naki ne, shari'a ba ta ba miji ikon karɓa sai da daɗin ranki. In kin bayar kin yi alheri, in kin hana ba ki yi laifi ba. Amma mu ma mata mu ji tsoron Allah. Sau da yawa mu ne ke hura wutar. Ranar biki a ce wance an sauke ta a mota, sai mu dawo gida da kumburi, har namiji ya je ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Matar da ta ce wa mijinta, “Maigida, ni ban ƙi tafiya a ƙasa ba, muddin za mu kwana babu mai yi mana Allah ya isa,” ta ɗauke masa rabin kaya.

Abin da na ce wa ɗalibata ke nan: ta zauna da shi cikin ladabi, ta tambaye shi abu uku. Motar nema ce ko ta hawa? Masu bin sa sun sani, sun amince? Idan an yi wata biyu babu ciniki, daga ina za a biya? In amsoshin sun yi kyau, ta ba shi, a rubuta ko rance ne ko kyauta, a yi istihara. In ya kasa amsawa, ta riƙe sarƙarta, wataƙila ita ce za ta biya kuɗin makarantar yara wata rana.

Har yanzu ba ta dawo mini da labari ba, amma ina ganin sarƙar a wuyanta. Allah Ya yaye wa duk mai bashi, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Wassalam.