Fatawa Kan Tarayya a Jirgin Sama da Karɓa-karɓar Tuƙinsa

Tambaya: Wasu mutum shida mazauna Unguwar Rimi da Malali da Kawo a Kaduna, dukansu masu lasisin tuƙin ƙaramin jirgi, suna son haɗa kuɗi su sayi jirgi mai kujera huɗu, su kafa ƙungiya domin shawagin nishaɗi da tafiye-tafiyensu na kansu. Sun tsara kowa ya riƙe jirgin mako guda, in ya so ya tuƙa, in ya so ya ba da shata ya ci kuɗin. Sun kuma sa tara a kan wanda ya makara biyan kuɗin wata. Shin wannan tsari ya halatta? Wa zai biya in jirgin ya lalace a hannun ɗayansu?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Tuƙin jirgi don nishaɗi halal ne a asalinsa, matuƙar bai kai ga tozarta salla ko jefa rai cikin halaka ba.  Sayen jirgi tare shi ne tarayyar mallaka. Kowane ɗayan shidan yana da sudusi a duk jikin jirgin, daga farfela har wutsiya, babu wanda zai nuna wani sashe ya ce nasa ne shi kaɗai.

Da yake jirgi ba ya rabuwa ba tare da ya tashi daga aiki ba, amfaninsa ake rabawa, wato abin da malaman fiƙihu ke kira muhaya'a. Suna kafa hujja da rabon ruwa kwana-kwana tsakanin taguwar Annabi Salihu, amincin Allah ya tabbata gare shi, da mutanensa, da kuma yadda sahabbai suka riƙa karɓa-karɓar raƙumi ɗaya mutum uku-uku a hanyar Badar. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Shehu Halil ya tsara a babin rabo na Muhtasar, wannan rabo hukuncinsa hukuncin haya ne. Sai da yardar kowa, sai an ayyana lokaci, in kuma an ƙulla ya zama dole, babu mai janyewa bayan ya ci nasa zagayen. Malikawa sun yarda a yi rabon zama a gida na shekaru, amma a dabbar hawa sun taƙaita shi zuwa kamar wata guda, saboda dabba tana saurin sauyawa. Jirgi ya fi kusa da dabba a nan, domin kowace awa da ya yi a sama tana cin wani abu a jikinsa. Saboda haka zagayen mako-mako ya inganta, na shekara-shekara kuwa bai inganta ba.

Sai dai mako a kan takarda ba shi ne ma'aunin adalci ba. Injin irin waɗannan ƙananan jirage awanninsa ƙidayayyu ne. Da yawa daga cikinsu masu ƙera su sun sa a yi musu garambawul bayan awa 2,000, ban da dubawar da ake yi a tsakani. Wanda ya yi awa ashirin a makonsa da wanda ya yi awa biyu ba su ci injin daidai ba, ko da kwanakinsu ɗaya. Ga kuma yanayi. Makon da ya faɗo tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke rufe Kaduna har matuƙin da ke tashi da ganin ido ba ya iya tashi, ba daidai yake da makon da sama ta yi garau ba. Haka makon salla da makon da kowa ke wurin aiki. Abin da ya fi kuɓutar da su shi ne su ayyana wa kowa iyakar awanni a cikin zagayensa, a riƙa rubuta su a littafin jirgin, a kuma juya jerin zagayen duk bayan an gama kewaye, don kada mutum ɗaya ya dawwama da makon hazo. In suka yi jayayya kan wanda zai fara, ƙuri'a ta halatta.

Wanda zagayensa ya wuce saboda uzurin kansa, rashin lafiya ko tafiya ko lasisinsa ya ƙare, ba ya bin kowa komai, kamar yadda haya ba ta warwarewa don uzurin mai hayar. In kuwa jirgin ne ke wurin gyara, ko hukuma ta rufe filayen jirage kamar yadda aka yi a 2020 lokacin annobar korona, abin da ya fi dacewa da ƙiyasin haya shi ne a rama masa, domin Malikawa sun warware hayar shago in sarki ya ba da umarnin rufe shaguna. Ya kamata a rubuta wannan a yarjejeniya tun farko.

Ɓangaren shata shi ne bai halatta ba. Rabon amfani daban, rabon kuɗin shiga daban. Malikawa sun hana a ce kuɗin hayar yau naka, na gobe nawa, ko da na yini guda ne, in dai kuɗin ba ƙayyadadde ba ne sananne, domin wani zai dace da kasuwa wani ya tashi a tutar babu, kuma wannan garari ne, wato ƙulla yarjejeniya a kan abin da ba a san yadda zai kasance ba. Duk abin da jirgin ya samo na haya na mutum shida ne gwargwadon hannun jarinsu. Akwai kuma wani shingen kafin wannan. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta bambanta izinin tashi na kai da izinin kasuwanci, kuma lasisin tuƙi na kai ba ya ba mutum damar ɗaukar fasinja don kuɗi. An sa wannan doka don tsare rayuka, bin ta wajibi ne, kuma mai saɓa mata yana jawo wa abokan tarayyarsa asarar da ba su yarda da ita ba. Ba da aron zagaye ga wani matuƙi na waje ma ba a so. Malikawa sun karhanta mai hayar dabba ya ba wani hayarta ko da tsaransa ne, don mahaya ba ɗaya suke ba. In ƙungiyar ta rubuta hani a kai, hanin ya zama dole.

Ɗawainiya iri biyu ce. Kuɗin rumfar ajiya da takardun hukuma da dubawar shekara na bin mallaka, kowa sudusi, ko ya tashi ko bai tashi ba. Mai da kuɗin sauka na kan wanda ya tashi. Ya halatta a yanka wani abu a kan kowace awa a tara a asusun garambawul, kuma hakan ya fi adalci. Wanda ya ƙi biyan rabonsa na gyaran dole, alƙali yana tilasta shi ya gyara ko ya sayar da hannun jarinsa, wannan shi ne hukuncin abokin tarayya a abin da ba ya rabuwa. Tarar makara kuwa riba ce, domin kuɗin wata da ya hau kan mutum bashi ne, ƙari a kan bashi saboda jinkiri kuma shi ne ainihin abin da aka haramta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyadh a 2000, ta yarda da sharaɗin biyan diyya a yarjejeniyoyi amma ta cire duk inda abin da ake bi bashi ne. Abin da za su iya yi shi ne su sharɗanta dakatar da zagayen mai jinkiri har ya biya. Wanda ya riƙe jirgi ya shiga lokacin wani, ya biya mai lokacin kuɗin hayar irin jirgin na abin da ya ci.

Game da lalacewa, hannun abokin tarayya hannun amana ne. In tsuntsu ya bugi farfela, ko injin ya tsaya alhali an yi masa duk dubawar da ta wajaba, asarar ta kowa ce. Biya yana hawa kansa ne in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka: ya tashi ba tare da duba jirgi ba, ya ɗora kaya fiye da kima, ya kutsa cikin hadari bayan an gargaɗe shi, ko ya ce Zariya za shi ya zarce Kano ba izini. Malikawa sun ce wanda ya yi hayar dabba zuwa wani gari ya wuce, ta halaka, mai ita na da zaɓin karɓar ƙimarta. Da littafin jirgin da rahoton injiniya za a gane gaskiya; in babu shaida, maganar matuƙin ake karɓa tare da rantsuwa. Game da yi wa jirgin inshora, inshorar kasuwanci majalisar da aka ambata ta hana ta tun 1985, ta halatta ta taimakekeniya. Su nemi takaful, wato inshorar taimakekeniyar; in ba su samu mai ɗaukar jirgi ba, su tsaya a kan gwargwadon abin da doka ta tilasta.

Mai son fita yana da damar sayar da sudusinsa. Babu shufu'a, wato haƙƙin abokin tarayya na riga kowa sayen rabon da ake sayarwa, a jirgi, don ita a ƙasa da gini take, amma ya kyautu ya fara tallata wa abokansa.

Hukunci: tarayyar da karɓa-karɓar sun halatta. A soke sharaɗin cin kuɗin shata da tarar makara, a ayyana awanni, a rubuta yarjejeniya da shaidu kafin a biya kuɗin jirgin. Allah ne Mafi sani.