Kunamar Ƙarfe da Jirgin da Ya Zo Kan Kari

Shagon cajin waya ne a cikin garin Sabon Birni, ɗaki guda da rumfar kwano a gaba. Mai shagon yana da faifan sola biyu a kan rufi, da batir, da talabijin da ya rataya a bango saman jerin wayoyin jama'a, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba. Sana'arsa ta biyu turi ce: ka kawo memori ya zuba maka fina-finan Kano, ko na Indiya masu fassarar Hausa irin ta su Algaita, ko wa'azi ga mai so. Da la'asar sakaliya yakan kunna fim ɗaya don masu jiran caji. Yanzu ba a kai dare a irin wannan zama. Kafin isha'i kowa ya kama gabansa.

Ranar da na zauna jiran tawa wayar, Transformers ya saka, na farko, wanda Michael Bay ya ba da umarni a 2007. Fim ɗin ya girmi yawancin yaran da ke zaune kan tabarma, amma babu wanda ya damu da shekarunsa. Kwafin ba shi da fassara, sai wani ɗan sakandare ya naɗa kansa tafinta. Abin da ya ji ya faɗa, wanda ya kuɓuce masa ya cike da nasa, kuma sau da yawa nasa ɗin ya fi daɗi.

Labarin ba shi da wuyar kamawa. Wasu ƙattin mutum-mutumin ƙarfe ne suka baro duniyarsu da tsohuwar gabarsu, suka zo ƙarasa ta a tamu. Ɓangare ɗaya Optimus Prime ke ja, shi ne mai rikiɗa ya zama kan tirela mai launin ja da shuɗi. Ɗaya ɓangaren na Megatron ne. Asalinsu duka kayan wasan yara ne da kamfanin Hasbro na Amurka ya fara sayarwa a 1984, bisa samfurin da ya samo daga kamfanin Takara na Japan. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 150, ya dawo da sama da miliyan 700. Wato 'yar tsana ce aka hura ta kai tsayin bene, duniya kuma ta biya kuɗi ta kalla.

Ban yi minti ashirin ba na bar kallon allo na koma kallon masu kallo, domin wasan da ke ƙarƙashin rumfar ya fi na bango armashi.

Akwai bakanike a wurin, hannunsa baƙi ƙirin da baƙin mai. Da mota mai ruwan ɗorawa ta wargaje ta miƙe tsaye, ita ce Bumblebee, bai ce uffan ba game da tashin nata. Damuwarsa gaɓoɓin ne. Ya ce ƙarfe mai mahaɗa dubu irin wannan, in aka kawo shi nan ya sha ƙurar hunturu mako guda, gwiwarsa za ta cije, sai an nemo giris durom guda. Ɗan kabu-kabun da ke gefensa kuwa abin da ya tsaya masa a rai shi ne tun da aka fara bai ga an tsaya gidan mai ba. Wani mai carbi ya yi tsaki a kan shigar yarinyar fim ɗin, ya kau da kai, ya dawo da shi bayan ta wuce. Samari suna can suna gardamar wanda ya fi ƙarfi. Mu Gobirawa, jikokin Bawa Jan Gwarzo, da kufan Alƙalawa a nan kusa da mu, ba ma rasa ra'ayi a kan jarumi. Hukuncin da aka yanke shi ne Optimus namiji ne, sai dai ya cika jawabi.

A ƙarshen benci akwai wani dattijo da ya kawo ƙaramar waya mai tocila. Daga baya na ji cewa daga wani ƙauye na gabas ya taso da iyalinsa, yana zaune a gidan wani ɗan'uwa shekara ta biyu ke nan. Bai tanka ba da jirgi mai saukar ungulu ya zama dodo ya baje sansanin sojan Amurka a Ƙatar. Bai tanka ba da wata ƙatuwar kunamar ƙarfe ta ɓullo daga cikin rairayi ta bi sojojin da suka tsira har wani ƙauyen hamada.

A ƙauyen ne hafsan sojan ya ari waya a hannun wani magidanci, ya nemi a haɗa shi da hedikwatar tsaro ta Pentagon. Mai haɗa layin ya tsaya jan rai, wai sai an ba shi lambar katin banki, ana ta ɓarin wuta shi ko a jikinsa. Rumfa ta kwashe da dariya. Wannan kowa ya gane shi, har tafinta bai sha wahala ba. Can layi ya shiga. Nan da nan aka turo jirgi marar matuƙi ya leƙo, jiragen yaƙi biyu suka biyo baya, sannan wani babba ya zo yana shawagi yana aman wuta, har wutsiyar kunamar ta guntule ta nutse ƙasa ta gudu.

Sai dattijon ya gyara zama ya ce, "To, nan anka yi ƙarya."

Aka yi masa ca. Tafinta ya juyo yana dariya: "Haba Baba! Mota ta tashi ta zama mutum ba ka ce ƙarya ba, kunamar ƙarhe ta hito ƙasa ba ka ce ƙarya ba, sai jirgi?"

"Ɗana," in ji shi, "abin da Allah Ya aje bisa sama ban sani ba, ban tai can ba. Kunama kau na gan ta da idona, bisa babura take zakuwa. Amma kiran waya, wanga ni na yi shi."

Dariyar ta ɗauke. Bakanike ya duƙar da kai yana goge hannu da tsumma.

Tun muna yara mun san wannan ciniki tsakanin mai ba da labari da mai saurare, ko da ba mu ba shi suna ba. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, daga nan mun ba ta izini: kura ta yi magana, Gizo ya auri 'yar sarki, Dodo ya haɗiye gari guda. Amma da za ta ce an yanke gero a tsakiyar bazara, ƙaramin cikinmu ma zai ɗago kai. Mutum yakan bar ka ka yi masa ƙarya a gonar da bai taɓa shiga ba. Wadda ya noma da hannunsa, ko taki ɗaya ba zai bar maka ba. Bakanike ya tsare giris, ɗan kabu-kabu ya tsare fetur. Marigayi Roger Ebert, mai sharhin fina-finai na Shikago, gonarsa tsarin labari ce: ya ba wannan na farko tauraro uku cikin huɗu, na biyu da ya fito a 2009 ya ba shi ɗaya tak, jama'a kuma suka yi kunnen uwar shegu da shi suka kai wa fim ɗin sama da dala miliyan 800. Kowa da mudunsa. Mudun dattijon nan shi ne tazarar da ke tsakanin kira da amsa, kuma a wannan yanki an auna ta da rayuka.

A ranar 27 ga Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa, duk a ƙaramar hukumar Sabon Birni, aka binne mutum fiye da 70. Dubun-dubatar mutanen wannan kan iyaka sun tsallaka jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, inda 'yan'uwanmu Gobirawan Tsibiri suke. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Manufar ita ce a raba ɓarayin daji da masu kai musu rahoto. Abin da mutanen ƙauye suka gani shi ne, wanda ke bakin iyaka yana iya laluben layin Nijar, ɓarawo ma haka, talakan da ke tsakiya kuwa wayarsa ta koma tocila. Ana cikin wannan hali aka kai hari kasuwar Goronyo a watan Oktoba, aka kashe mutum 43. Da Disamba ta kama aka tare motar matafiya a Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane fiye da 20 a ciki.

Mai shagon ya ba ni wani labari da ya dace da nan. Ya ce a cikin fina-finan mutum-mutumi, wanda ya fi tura wa mutane shi ne na Indiya, na Chitti, wanda Rajinikanth ya fito a ciki a 2010, da ci gabansa mai suna 2.0 na 2018. A wannan na biyun wayoyin mutanen birnin Cennai ne ke fizgewa daga hannun masu su suna tashi sama kamar garken jan-baki, gari ya wayi babu mai iya kiran wani. Ya ce lokacin da ya fara nuna shi, nan ne ake cewa Indiyawa sun cika shara ta. Bayan 2021 ya sake saka shi, aka zo wurin, babu wanda ya yi dariya. Ƙarya ma, ashe, tana da ranar da take daina zama ƙarya.

Shi kuwa yankin Transformers da dattijo ya ƙi haɗiyewa, akwai dalilin da ya sa ya fito sumul haka. Ma'aikatar tsaron Amurka ta sa hannu a aikin fim ɗin: ta ba da aron jirage da sojoji na gaske, kuma hamadar da aka ce Ƙatar ce, a jihar New Mexico aka ɗauke ta, a sansanin sojan sama na Holloman da filin gwajin makamai na White Sands. Mai ba da aron jirgi ba zai so a nuna jirginsa ya makara ba. Kamar yadda kamfanin General Motors ya ga motocinsa sun zama jarumai a allo, haka rundunar ta ga kanta tana amsa kira kafin a ajiye waya. Talla ce aka naɗe cikin tatsuniya. Dattijon bai san Holloman ba, bai san wa ya ba da aron me ba, amma a duk tsawon fim ɗin da ya haura awa biyu, daidai wurin tallar ya ɗora yatsa.

Kada a ce jirage ne ba mu da su. Najeriya ta sayi Super Tucano 12 daga Amurka a kan kuɗi kusan dala miliyan 500, shidan farko suka sauka a Kano a Yulin 2021. Kada kuma a ce sojan da ke bakin daga yana barci. A Satumban 2021 aka far wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma, cikin wannan ƙaramar hukuma, aka kashe da dama daga cikinsu, 'ya'yan talakawa kamar kowa. An kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Halilu Sububu a Satumban 2024, mutane sun ji sanyi a ransu. Sai dai abin da ke sa jirgin fim ya zo a kan kari ba ƙarfen ba ne kawai: akwai layin da ke shiga, da mai ɗauka, da mai ikon cewa a tashi, da idon da ke bambance maƙiyi da mai gida. In ɗaya ya ɓace, ko dai jirgi ya zo bayan an gama jana'iza, ko ya zo ya ƙara yawanta, kamar yadda aka yi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi. Kuma in kiran talaka ne ba ya kaiwa, me za a ce da na Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa? An sace shi a ƙarshen Yulin 2024, ya yi roƙo a bidiyon da ƙasar nan kaf ta kalla a waya, ya rasu a hannun masu garkuwa da shi a watan Agusta. Allah Ya jiƙansa.

Fim ya ci gaba, ƙattin suka shiga birni suna jifar juna da motoci, mutane ƙanana-ƙanana suna gudu a gindin ƙafafunsu. Yara suka dawo da ihunsu, samari suka koma gardama. Wata yarinya mai tallar gyaɗa da ta tsaya a bakin rumfa ta tambayi tafinta ko waɗancan masu gudun suna da inda za su kwana. Ya ce ba a faɗa ba.

Aka kira magariba. Mai shago ya fara zare wayoyi yana kiran lambobi. Dattijon ya karɓi tasa, ya kunna ya ga ta cika, ya kwance bakin aljihu ya biya, ya jingina da sandarsa zai tashi. Sai ya fasa, ya koma ya zauna.

"Yaro," ya ce wa mai shagon, "maido muna wurin nan baya kaɗan."

"Wane wuri, Baba?"

"Inda jirgin ya zaka."