Ƙaddara Ba Ta Wanke Mai Sakaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai kalmar da muke saurin furtawa duk sa'ad da inji ya datse hannun ma'aikaci, ko gobara ta tashi a masana'anta, watau "ƙaddara ce". Kalmar gaskiya ce, amma sau da yawa akan mai da ita mayafin rufe sakaci.

Ku dubi abin da ya auku a garin Savar, kusa da Dhaka, a ƙasar Bangladesh. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga tsaga a jikin wani bene mai hawa 8, mai suna Rana Plaza, inda ake ɗinka tufafi. Banki da kantunan da ke ƙasa suka rufe, amma washegari aka tilasta wa maɗinka su koma bakin kekunansu. Da safiyar nan benen ya rufta, mutum 1,134 suka rasu. Ajalinsu ne ya yi, babu shakka. To, amma wanda ya ga tsagar ya kau da kai, me zai gaya wa Ubangijinsa?

Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wani mutum ya fara ɗaure raƙumarsa, sa'an nan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar kuwa, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, sai ya juya da jama'arsa daga hanya, alhali ya fi mu imani da ƙaddara.

Ɗaure raƙuma a masana'anta shi ne lissafi. Mai kamfani a Sharaɗa ko Bompai ya san ribarsa har kwabo. Ashe bai kamata ya san mutum nawa suka ji rauni bana ba, da kwana nawa suka yi suna jinya? Wajibi ne a ajiye littafi, a rubuta kowane haɗari da dalilinsa. A rubuta har wanda saura ƙiris ya auku: wayar lantarki da ta saɓule, ko ƙarfen da ya faɗo bai sami kowa ba. Waɗannan su ne tsagar bango. A riƙa ƙirga sau nawa aka duba injuna da ƙofofin gudun gobara. A auna ƙirjin mai shaƙar ƙura da kunnen mai yini cikin ƙara, domin wata cutar a hankali take ci.

Sai dai a yi hattara da ha'inci. In ma'aikata suna ɓoye rauni don tsoron kora, littafi zai fito fes, alhali jini yana zuba. Wannan ɗan'uwan tauye mudu ne, wanda Allah ya yi wa masu yin sa narkon azaba a Suratul Muɗaffifina.

Mu tuna kuma, a Suratun Nisa'i Allah ya ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. In mai kuskure bai kuɓuta ba, ina ga wanda aka gargaɗe shi ya toshe kunne?

Kai ma ma'aikaci, jikinka amana ce. Sa hular kwano da safar hannu, in ka ga ɓaraka ka faɗa, domin shirunka yana iya mai da 'ya'yan abokin aikinka marayu.

Allah ya tsare masu neman halal, ya mai da su gida lafiya. Wassalamu alaikum.