Wa Ya Fi Cancantar Riƙon Yaro Bayan Saki?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, in aure ya mutu, da zarar an yaye yaro sai uba ya aika a ɗauko shi, ya damƙa wa kakarsa ko kishiyar uwarsa. Hujjarsa, wai ɗa na uba ne. Lalle nasaba tasa ce, ci da tufa kuma a wuyansa suke, amma reno shari'a ta bai wa uwa.

A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala, uwa ke riƙon namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta sake aure, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta. Muwaɗɗa ta ruwaito cewa Sayyidina Umar kansa ya ɗauki ɗansa Asim a Kuba, kakar yaron ta ja da shi, Sayyidina Abubakar ya umarce shi ya sakar mata shi. Umar bai ƙara cewa uffan ba.

Wani uban yakan fake da nisa, don uwar ta koma gidan iyayenta a Gwaram. Malamai sun ƙayyade tafiyar da ke kayar da haƙƙinta da kimanin mil 72, tsakanin garuruwan nan biyu kuwa bai kai haka ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya ziyarci ɗansa, ya duba tarbiyyarsa, ya sa shi makaranta. In gari ɗaya suke, yaro ya wuni wurinsa, ya kwana wurin uwarsa.

Wallahu a'alamu.