Kyan Ɗan Maciji: Me Mai Zane Ke Dubawa a Tambarin Kamfani?

A Hausa kalmar tambari tana da fuska biyu. Akwai tambarin da ake bugawa sarki, akwai kuma alamar da kamfani ke mannawa a kayansa. Aikinsu ɗaya ne: sanar da jama'a cewa ga mai iko nan tafe. To, wanda sana'arsa ita ce zanen irin wannan alama, in ya tashi hukunta aikin ɗan uwansa, kyau kaɗai zai duba, ko har da gaskiyar abin da alamar ke faɗa?

A watan Oktoba na 2010, kamfanin tufafi na Amurka mai suna Gap ya jefar da tsohon tambarinsa, akwati shuɗi mai fararen baƙaƙe, ya fito da sabo. Masu zane suka yi masa ca a intanet: baƙaƙen ba su da rai, ɗan akwatin da aka maƙala a gefe kamar a makaranta aka koyi yin sa. Cikin mako guda kamfanin ya koma wa tsohon. A 2009 ma Tropicana ya cire lemon nan mai tsinken zuƙa daga kwalinsa, ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, dole ya maido shi. Ka ga ke nan sukar masu zane ba surutun banza ba ce. Suna duba ko ana gane alama daga nesa, ko tana karantuwa in an ƙanƙanta ta, ko launinta ya bambanta ta da na kishiya. Wannan ma'aunin gwaninta ne, kuma yana da amfani.

Amma dubi BP. A 2000 wannan kamfanin mai na Ingila ya sauya garkuwarsa da wata fure mai kama da rana, kore da rawaya, yana nuna wai ya fara wuce zancen fetur. In gwaninta ake aunawa, zanen ya ci jarrabawa. Masu kare muhalli ne suka ce fenti ne kawai. A watan Afrilu na 2010 rijiyarsa ta fashe a tekun Mekziko, mutum 11 suka mutu, ɗanyen mai ya yi kwana 87 yana malala. A lokacin ne ƙungiyar Greenpeace ta kira gasar sake zana tambarin, masu zane suka yi ta shafa wa furen baƙin mai. Zanen bai canja ba tsakanin 2000 da 2010. Abin da ke bayansa ne ya fito fili.

Wani zai ce: haba, mai zane ai kamar tela ne. Tela yana ɗinka wa malam riga, yana ɗinka wa ɓarawo, kuma da ɗinkinsa ake auna shi. Maganar tana da ƙarfi, don ba mai zane ne ya haƙa rijiyar ba. Sai dai riga ba ta ba da shaida. Tambari kuwa yana bayarwa. Koren launi a jikin gidan mai cewa yake "ni mai tausayin ƙasa ne". Mai zane ya fi kusa da maroƙi, wanda ke ɗora wa mutum kirari a bainar jama'a. Mu kuwa mun san bambancin maroƙin da ke faɗin abin da kakannin mutum suka yi, da wanda ke kiran marowaci hadarin kaka don ya ga jaka biyar.

Mu a Nijar ba labari aka ba mu ba. Celtel ta zama Zain a 2008, Zain ta zama Airtel a 2010, aka yi ta sake fentin shaguna. A can sabon suna ya biyo sabon mai kamfani, ya faɗi abin da ya faru. Kamfanin Faransa da ya daɗe yana haƙar uraniyom a Arlit a baya kuma an san shi da Cogema, aka koma Areva a 2001, sai Orano a 2018, da tambari rawaya, launin garin uraniyom. Ɗan zane a Paris zai yaba tsabtar zanen. Mutumin Akokan, inda aka rufe mahaƙar Cominak a 2021 aka bar tsaunukan tarkace, yana da haƙƙin tambaya ko sabon suna yana ɗauke da tsohon bashi.

Saboda haka ma'auni biyu ya kamata mai suka ya riƙe: shin zanen ya yi, kuma shin abin da yake faɗa haka ne? Wanda ya tsaya ga na farko ya zama mai yi wa ƙarya kwalliya. Wannan ya shafe mu, ƴan uwa, don da yawanmu da zanen kwamfuta muke neman na sabulu. Gobe mai maganin da ke warkar da cuta 99 zai kawo maka aikin takardar kwalba, ya ce ka sa masa hoton likita da farar riga. Hannunka zai iya. Tsohuwar da za ta saya a kasuwar Maraɗi ba ta iya karatu ba, hoton da ka zana shi za ta gaskata.