Wa Zai Koya Wa Timothawus Na Ketare?

Karatu: II Timothawus 1:5 da 3:14-15; Nehemiya 8:1-8.

Sa'ad da Manzo Bulus ya rubuta wa Timothawus wasiƙa ta biyu, ya tuna masa da mata biyu, kakarsa Lois da uwarsa Afniki. Ya kuma tuna masa cewa tun yana ɗan ƙanƙane ya saba da Littattafai masu tsarki. Ashe kafin Bulus ya same shi a Listra, an riga an yi sharar gona an yi shuka a gida. Yau ina so mu yi tunani a kan 'ya'yanmu na Ketare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wa zai yi musu aikin Lois da Afniki?

Kun san abin da ya sami ƙasar nan. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kore yara fiye da 300 zuwa daji. Allah ya ji kukan iyaye, aka sako su ran 17 ga watan. Amma gwamnati ta rufe makarantun kwana a lokacin, kuma a ƙauyuka da yawa tsoro ya sa yara sun yi wata da watanni ba su ga malami ba. Waɗansu iyali suka bar gidajensu. Yaron da ya kamata ya fara baƙi yana shekara shida, sai ya kai tara bai san "a" ba.

Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara bakwai cikin goma 'yan shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Ga mai bi kuwa hasarar ta ninka. Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa sun sha wahala shekara da shekaru kafin dukan Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. In 'ya'yanmu ba su iya buɗe shi ba, me wahalar nan ta amfana mana? Zai zauna a kan kwalla yana shan ƙura.

To, me za mu yi? Abu na fari, mu sani karatu daga kunne ya ke farawa. Yaro ya kan iya haɗa baƙi da wasali ya furta "alkawari" daidai, amma in bai taɓa jin kalmar ba, ya yi ƙara ne kawai. Ku duba Ezra da Lawiyawa a zamanin Nehemiya. Sun karanta Shari'a a gaban jama'a, suka kuma bayyana ma'anarta har mutane suka fahimta. Filibus ma da ya iske mutumin Habasha yana karatu cikin karusa, tambayarsa ta fari ita ce ko yana gane abin da ya ke karantawa.

Saboda haka, uwa, ki cika kunnen ɗanki da kalmomi tun yana goye. In kina surfe, ki ce masa ga turmi, ga taɓarya, ga dusa, ga tsaki. Uba, in ka tafi da shi gona, kada ka ce "miƙo abin nan." Ka ce hauya, ka ce lauje, ka nuna masa bambancin gero da maiwa, da yadda auduga ta ke fashewa. Kaka, kada ki bar tatsuniya ta mutu. Bayan ta Gizo, ki ba su labarin Yusufu da 'yan'uwansa, sa'an nan ki tambaye su, "Don me suka ƙi shi? Da kai ne, yaya za ka yi?" Ki bar su su amsa da bakinsu, gama kalmar da yaro ya yi aiki da ita ita ce ta zama tasa. Wannan duka ba ya bukatar kuɗi, ba ya bukatar ke kanki ki iya karatu.

Abu na biyu, mu bayyana musu manyan kalmomin bangaskiya da abin da suka sani. Akwai wata kalma da yaran ƙasar nan suka koya tun ba su isa ba, ita ce "fansa." Sun ji manya suna raɗa a kan kuɗin fansa, sun ga an sayar da shanu da hatsi don a karɓo ɗan'uwa. Kada mu bar mugaye su riƙe kalmar nan. Ku buɗe Markus 10:45 ku nuna wa yaro cewa Yesu ya ba da ransa don ya karɓo mu, ba don an tilasta shi ba, sai don ƙauna. Haka za ku yi da tuba, da gafara, da makiyayi, kalma ɗaya kowane mako a wurin addu'ar safe.

Abu na uku, a fara baƙi a gida. Allah ya yi mana sauƙi, gama Hausa kusan yadda a ke faɗinta haka a ke rubuta ta. Wasula biyar ne. Yaron da ya riƙe ba, be, bi, bo, bu, ya sami mabuɗi. A share ƙasa a rubuta da tsinke, ko da gawayi a jikin bango. A fara da sunansa. A nuna masa baƙaƙe masu lanƙwasa da wuri, ya san kaya dabam, ƙaya dabam. Minti goma kowace yamma sun fi awa biyu ran Lahadi kaɗai. Kada a doke shi don ya yi kuskure, don kada ya haɗa littafi da bulala a zuciyarsa. 'Yan mata kuma a zaunar da su tare da maza, gama Afniki ta gobe tana cikinsu.

Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi. Yaro ƙarami ya kan ɗauki allonsa safe da yamma, ko da fari ko da damina. Wannan naciya abar koyi ce. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, dattawa masu furfura sun zauna gindin itace sun koyi karatu, ba su ji kunya ba. Dattawan ekklesiya, ku zaɓi saurayi ko budurwa mai karatu ya tara yaran unguwa sau uku a mako. Zumuntar mata, ku tambayi juna ko yaran kowace sun fara.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. 'Yan bindiga suna iya rufe ƙofar makaranta, amma ba su da iko a kan tsakar gidanki da bakinki. Ku fara yau da dare, da kalma ɗaya da baƙi ɗaya. Ubangiji ya kawo salama a ƙasarmu, ya ba mu ganin ranar da 'ya'yanmu za su tsaya a majami'a su karanta Maganarsa da ganewa. Amin.