Mallaka Da Amana: Wa Ke Da Ikon Shafe Aikin Fasaha?

A watan Oktoba na shekarar 2013, gidan rediyo da talabijin na Ingila, wato BBC, ya ba da wata sanarwa wadda ta faranta ran masu kallo a ƙasar, a cikinta kuma aka ambaci sunan wani gari da dukkanmu muka sani. An gano wasu gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke Jos, a cikinsu akwai kashi 9 na wasan kwaikwayon nan mai suna Doctor Who, waɗanda ita kanta BBC ba ta da su, ta ma daɗe da fid da tsammanin sake ganinsu. Wato dai mai abu ya rasa abinsa a Landan, sai ga shi ya ɓulla a Filato shekara 45 bayan an fara nuna shi.

'Yan'uwa marubuta, wannan labari ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye: idan aikin fasaha ya fita ga jama'a, sun gani, sun ji, sun so shi, shin wanda doka ta ba shi mallakarsa yana da ikon shafe shi daga doron ƙasa? Ko kuwa akwai wani haƙƙi da ya rataya a wuyansa wanda takardar yarjejeniya ba ta ambata ba?

Taƙaitaccen tarihin wasan

An fara nuna Doctor Who ranar Asabar, 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan an kashe Shugaba Kennedy na Amurka. Hankalin jama'a yana can wani wuri, don haka sai da aka sake nuna kashin farko a mako na gaba. Ƙagaggen labari ne na kimiyya game da wani baƙo daga wata duniya, wanda ake kira Dakta kawai, mai yawo tsakanin zamanin da ya wuce da mai zuwa a cikin wani jirgi da ake kira TARDIS. Daga waje jirgin kamar ɗan ɗakin wayar 'yan sanda yake, mai launin shuɗi, amma daga ciki ya fi gida faɗi. Wata matashiya, Verity Lambert, ita ce furodusa ta farko, shi kuwa daraktan labarin farko, Waris Hussein, haifaffen Indiya ne.

A 1966 rashin lafiya ya hana William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, ci gaba da aiki. Maimakon a rufe wasan, sai marubutansa suka ƙago wata dabara: idan jikin Dakta ya gaji yakan sabunta, ya sami sabuwar fuska da sabon hali. Ta haka Patrick Troughton ya karɓa, ta haka kuma wasan ya riƙa sauya jarumi ba tare da ya mutu ba. A 1970 ya koma mai launi. Tom Baker ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, wa'adin da ya fi na kowa tsawo a wancan zango. Ranar 6 ga Disamba, 1989, aka nuna kashi na ƙarshe bayan shekara 26, sai BBC ta yi shiru da shi. An gwada farfaɗo da shi da fim guda a 1996 tare da haɗin gwiwar Amurkawa, abin bai ɗore ba. Sai ranar 26 ga Maris, 2005, ya dawo da ƙarfinsa. A wannan zango na biyu ne aka sami mace ta farko a matsayin Dakta, Jodie Whittaker, a 2017, sannan Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, a 2023.

Yadda mai abu ya zubar da abinsa

Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan tarihi shi ne giɓin da ke cikinsa. A shekaru shida na farko an shirya kashi 253 a baƙi da fari. A wancan lokaci faifan bidiyo, mai faɗin inci biyu, abu ne mai tsada ƙwarai, don haka idan an gama nuna shiri sai a goge faifan a ɗauki wani a kansa. Bugu da ƙari, yarjejeniyar da ke tsakanin BBC da ƙungiyar 'yan wasa ta iyakance yadda za a maimaita shiri, ga shi kuma talabijin mai launi ta shigo, ana ganin babu mai sake waiwayar tsohon hoto. Akwai kwafe-kwafen da aka juya a kan fim don sayar wa ƙasashen waje, su ma tsakanin 1972 da 1978 aka riƙa lalata su domin a sami wurin ajiya. Sai a 1978 aka tsai da wannan ɗabi'a, aka fara adana shirye-shirye da gangan.

Kafin nan an riga an yi ɓarna. Labarin Marco Polo na 1964, mai kashi 7, ya tafi baki ɗaya. Kashin da Hartnell ya yi ban kwana a cikinsa ya ɓace, in ban da 'yan guntaye, ciki har da wurin da ya sauya kama, wanda ya tsira saboda wani shirin yara ya taɓa nuna shi.

To, su waye suka ceci abin da ya saura? Na farko, wasu masu kallo, da yawansu matasa, waɗanda suka riƙa ɗaukar sautin wasan da rikoda a gidajensu. Saboda su ne a yau ake da muryar kowane kashi da ya ɓata, har BBC take ɗora zane mai motsi a kan wannan sauti tana sayarwa, kamar yadda ta yi da labarin farko na Troughton a 2016. Na biyu, tashoshin ƙasashen waje waɗanda suka sayi fim ɗin, aka umarce su da su miƙa shi gaba, ko su mayar, ko su lalata, amma wani ya saura a ɗakunansu. An sami wani labari cikakke a Hongkong a farkon shekarun 1990, sannan ga na Jos, wanda wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano, ya kuma rage adadin ɓatattun daga 106 zuwa 97 a wancan lokaci. Na uku, marubuta. A shekaru 16 da wasan ya yi ba ya fita a kai a kai, littattafai ne suka riƙe shi. Tun daga 1991 aka riƙa buga sababbin labaran Dakta, kuma Russell T Davies, wanda ya dawo da wasan a 2005, yana cikin waɗanda suka rubuta irin waɗannan littattafai.

Wato sau biyu mai abu yana sakin abinsa, sau biyu waɗanda ba su da ko taro a cikin mallakarsa suna tarewa.

Hujjar mai mallaka

Adalci shi ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Ma'aikatan da suka goge waɗannan faifai ba mugaye ba ne. Dukiyar jama'a suke tattali, kuma a idonsu talabijin kamar wasan dandali ce, a yi yau a watse. Ba su san za a zo zamanin da mutum zai sayi kaset ya kalli tsohon shiri a ɗakinsa ba. Har ila yau, babu ma'ajiyar da za ta ɗauki duk abin da ɗan'adam ya ƙirƙira. Dole a zaɓa, dole kuma wani abu ya tafi. Daɗin daɗawa, idan muka ce mai abu ba shi da iko a kan abinsa, mu marubuta ne za mu fara kokawa, domin kuwa kullum kukanmu shi ne masu satar fasaha, waɗanda ke juya littafi ko fim ba da izini ba. Ashe yaron da ya kafa rikoda a gaban talabijin ba juya aikin wani ya yi ba?

Waɗannan hujjoji ne masu nauyi, amma a ganinmu ba su kai ga wanke al'amarin ba.

Inda amana ta shigo

Mu ɗauki misalin mutumin da ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa, ya buɗe ta ga unguwa, aka yi shekaru ana ɗiba. Rijiyar tasa ce, babu musu. Yana iya sa mata murfi, yana iya tsara lokacin ɗiba, yana ma iya karɓar kuɗin guga. Amma ranar da ya tashi cike ta da ƙasa don yana son wurin ɗaure akuya, kowa a unguwar zai ji a ransa cewa an yi ba daidai ba, ko da alƙali bai kama shi da laifi ba. Dalili kuwa shi ne, tun ranar da ya bari aka fara sha, wani haƙƙi ya shiga tsakaninsa da maƙwabta.

Haka aikin fasaha yake. Kafin ya fita, na mai shi ne shi kaɗai. Da zarar ya fita, sai ya tara masu haƙƙi iri uku. Akwai waɗanda suka yi wahalarsa: marubuci da ɗan wasa da mai ɗaukar hoto, waɗanda aka biya su ladan aiki, amma ba su sayar da sunansu don a shafe ba. Patrick Troughton ya rasu a 1987 alhali galibin aikinsa na shekara uku a wasan babu shi a ma'ajiya. Akwai masu kallo ko masu karatu, waɗanda aikin ya zama wani yanki na ƙuruciyarsu. Sannan akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna, su ne kuwa mafi rauni, domin ba su da bakin yin magana ranar da ake yanke shawara.

Saboda haka muke cewa mallaka tana ba mutum ikon cin amfanin aiki da hana wani cin amfaninsa ba da izini ba. Ikon halaka shi kuwa wani abu ne dabam, domin duk sauran hukunce-hukuncen mai abu ana iya warware su gobe, wannan kaɗai ne ba ya warwaruwa. Wanda ya hana a buga littafi bana yana iya yarda baɗi. Wanda ya ƙone kwafi na ƙarshe ya yanke wa kowa hukunci har abada, ciki har da shi kansa, kamar yadda BBC ta gane sa'ad da ta koma tana cigiyar abin da ta zubar da hannunta. Kuma tun da babu wanda ya san abin da jikoki za su daraja, wanda ke shakka ya kamata ya karkata ga ajiyewa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Game da batun satar fasaha kuwa, bambancin a fili yake. Ɓarawon fasaha yana juya aiki ne don ya karkatar da ribar mai shi zuwa aljihunsa. Wancan yaro mai rikoda bai rage wa kowa kwabo ba, kuma da aka nema ya miƙa. Sai dai mu ƙara da cewa mai ajiya shi ma amana ce a hannunsa. Wanda ya mallaki kwafi guda da ya rage a duniya, ya kulle shi a akwati don ya ji daɗin cewa shi kaɗai ke da shi, bai fi wanda ya goge faifai ba da komai, illa dai nasa laifin ana iya gyara shi.

Kada mu ruɗu da sa'a

Akwai wani tarko a labarin Jos da ya kamata mu kauce masa. Yana da daɗi mu yi alfahari cewa a ƙasarmu aka sami abin da Turawa suka ɓatar. To amma fim ɗin ya tsira ne domin ya zauna a kan kanta shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, kuma sai da wani ya taso daga Ingila ya neme shi. Wannan sa'a ce, sa'a kuwa ba a gina ma'ajiya a kanta. Doctor Who ya ci ribar dubban masoya masu cigiya a duniya. Aikin da ba shi da irin waɗannan masoya fa?

A nan ne gemun ɗan'uwa da ya kama wuta ya kamata ya sa mu shafa wa namu ruwa. Kowannenmu ya tambayi kansa: ina faifan wasannin talabijin da muka tashi muna kallo, irin su Samanja da Karkuzu da Karambana? Wa ke riƙe da bugun farko na littattafan da suka cika kasuwar Kano daga shekarun 1980? Mu matso kusa ma: marubucin da ke karanta wannan mujalla, yana da kwafin littafinsa na farko? Mun sha ganin ɗan'uwa yana yawon neman aron littafin da shi ya rubuta, domin na hannunsa an ara ba a dawo da shi ba, maɗaba'ar da ta buga shi kuma ta rufe. Waɗanda ke rubutu a waya a yau haɗarinsu ya ma fi, don waya takan faɗa ruwa, shafin intanet kuma yakan rufe dare ɗaya.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ba ta da wuya. Duk wanda ya fitar da littafi ya ware kwafi uku waɗanda ba na sayarwa ba ne, ba kuma na aro ba: ɗaya a gidansa, ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya a ɗakin karatu na wata jami'a. Ya rubuta shekarar bugu da sunan maɗaba'a a jikin littafin. Idan zai sa hannu a yarjejeniya da mai bugawa ko mai shirya fim, ya nemi a rubuta cewa ba za a lalata asalin aikin ba sai an fara miƙa masa shi. Wanda kuma yake riƙe da tsohon aikin wani, musamman wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya sanar da ƙungiya domin a juya a adana. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar alƙalami, tamu da ta waɗanda suka gabace mu, amin.